Wa Ya Fitar da Ɗinkin Gwaggo?

Har yau in na ji almakashi yana cin sabuwar atamfa a kan tebur, sai in ga kaina a ƙofar ɗakin Gwaggo a Gummi, ina tsugune ina tsintar ƙyallaye. Gwaggo ƙanwar Baba ce. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidanmu da keken ɗinkinta na ƙafa, Baba ya ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya. Da keken nan take ci da kanta, ba ta taɓa yarda a ce ciyar da ita ake yi ba.

Tana da 'yar koyo guda, ɗiyar maƙwabtanmu, wadda ta girme ni kaɗan. Ita ke sa maɓalli, ta yi kalmasa, ta hura gawayin dutsen guga. Yarinya ce mai yawan dariya, kuma Gwaggo na ji da ita, har takan ce hannunta ya fi na wasu manyan teloli tsabta.

A daminar da nake ba ku labari, lokacin da zinariya ta fara sa samarin Anka da Bukkuyum sayen babura da yin aure babu jira, Gwaggo ta shiga neman sabon ɗinki. Ruwa na dukan kwano, tsakar gida ta yi caɓi, ita kuwa tana ciki tana yanka tana warwarewa. Ta ɓata yadi ba kaɗan ba. Wani lokaci abincinta kan huce a bakin ƙofa, Inna ta leƙa ta ce mata ido fa ba a sayen sabo a kasuwa. Sai da shinkafar fadama ta fara nuna sannan abin ya fito: ƙananan ninki a jere daga kafaɗa, suna gangarowa kan hannun riga suna sunkuyawa. Da Inna ta gani ta tafa hannu ta ce ai wannan zangarniya ce. Sunan ya zauna.

Wadda ta fara ganinsa daga waje wata Hajiya ce ta unguwar gaba, da za ta aurar da ɗiyarta ga wani mai sayen zinariya bayan an kawar da amfanin gona. Ta juya rigar gwajin, ta sake juyawa, sannan ta rage murya.

"Ɗiyata za ta fara sa wanga ɗinki. Ba ni son in gan shi jikin kowa kafin ranar buki. Kin yi mini alkawari?"

Gwaggo ta yi alkawari. Aka kawo atamfofi da leshi na kayan amarya, aka jibge a ɗakinta, aikin da zai riƙe ta har rani. Ta ɗinka rigar farko, Hajiya ta tafi da ita gida amarya ta gwada, bayan kwana biyu ta aiko da ita cewa ta yi daidai.

Saura kaɗan buki, wata ranar kasuwa, sai ga Hajiya ta faɗo gidanmu ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce ta ga zangarniya rataye a shagon wani tela a bakin kasuwa, ba ɗaya ba, ba biyu ba, mata na taya su.

"Ashe haka kike? Kin ci amanata, kin sayar da ɗinkin ɗiyata kasuwa!"

Gwaggo ta rantse, ta sake rantsewa. Hajiya ba ta saurara ba. Ta sa aka kwashe sauran kayan da ba a yanka ba, ta fita tana faɗa har ƙofar gida, inda duk unguwa ke ji. Rigar farkon kawai aka bari, saboda ba a gama sa mata maɓalli ba.

Daga ranar nan gidanmu ya canza. Gwaggo ta sayo kwaɗo ta sa wa ƙofarta, ko rijiya za ta sai ta kulle. Ta rataya tsohon zane a taga. Dillaliyar da ke kawo mata zare ta zo, aka tsayar da ita a tsakar gida. Matar da ta saba shigowa aron rariya ta shigo, Gwaggo ta bi ta da kallo har ta fita, sannan ta tambayi Inna me ya sa rariyar gidan nan kaɗai ke tankaɗe a unguwar. Ni ma ban tsira ba. Ta kira ni ta zazzage gwangwanin da nake tara ƙyallayen 'yartsanata, tana duba ko akwai mai ninki a ciki, tana tambayata wa da wa na nuna wa a makarantar allo. Har Inna, wadda suke cin tuwo kwano ɗaya, sai da ta ji Gwaggo na cewa ai wanda ya raɗa wa abu suna shi ke fara kai shi bakin duniya. Inna ta ɗauke kwanonta ta koma ɗakinta, suka daina ci tare.

A ƙarshe zargin ya sauka kan 'yar koyo. Wani ya ce ya taɓa ganinta ta bi ta gaban shagon telan. Kowa a Gummi na bi ta nan in zai shiga kasuwa, amma Gwaggo ba ta son jin wannan. Ta tsare ta da tambaya, yarinyar na kuka tana cewa wallahi ko sunan mutumin ba ta sani ba. Gwaggo ta ce ta ɗauki mayafinta ta tafi, kada ta sake taka ɗakin. Na ga fitarta, tana tafe tana goge fuska da bayan hannu.

Korar ba ta kwantar wa Gwaggo da hankali ba. Da kasuwa ta sake ci, ta sa hijabi, ta naɗe rigar amarya a leda, ta ce in biyo ta. Muka ratsa ta 'yan kifi da masu auna shinkafa har shagon. Rigunan na nan a igiya, iska na kaɗa su. Gwaggo ta sauke ɗaya, ta juya cikinta, sai na ga hannunta ya tsaya cak. A ƙarƙashin hammatar hagu akwai wani ɗan ƙyalle da aka jona. A rigar amarya kaɗai ta yi wannan jonin, don yadi ne ya gaza mata a wurin. Shi telan yana da yadi isasshe, amma ya kwafe har da gazawar.

"Malam, wa ya kawo maka riga tawa?"

Telan, wani magidanci mai furfura a gemu, bai ko tsayar da ƙafarsa daga keke ba da farko. Da ta ciro rigar ta shimfiɗa a gabansa, sai ya yi murmushi.

"Ai na san ta. Hajiya mai buki ta aiko da ita, ta ce in yi wa ƙawayen amarya irinta, nawa ya fi sauƙi kuma ina da yara masu sauri. Na warware ta, na auna, na maida. Sauran yadin da ya rage gare ni na yi na sayarwa."

"Damina guda na yi ina neman abin ga."

"Na sani, baiwar Allah, aikin ya nuna. To ni mi zan yi? Mace ta shigo ta ce ga abin da take so. In na ce a'a, ga maƙwabcina nan, shi zai yi. Riga ba a ɗaka take kwana ba, jikin mutane take yawo."

Gwaggo ta naɗe rigar, muka fito. A hanya ta riƙe hannuna da ƙarfi har ya yi mini zafi. Ta aika wa Hajiya da rigarta tare da abin da telan ya faɗa. Amsar da ta dawo ita ce, ai ƙawaye kawai aka ce ya yi wa, ba a ce ya rataya a kasuwa ba. Kayan amarya dai ba su dawo ba.

Inna ta yafe da wuri, don da yamma ta kai tuwo ɗakin Gwaggo da kanta. Maƙwabta ne ba su yafe ba. Gwaggo ta shiga gidan su 'yar koyon har ta durƙusa, uwar yarinyar ta ce ɗiyarta ba ta komawa inda anka kira ta ɓarauniya. Aka kai yarinyar wurin 'yan'uwa a Anka ta ƙarasa koyo. Gwaggo ba ta sake ɗaukar 'yar koyo ba, kuma ba ta sake ƙirƙiro wani ɗinki ba. Abin da aka kawo aka ce ta yi, shi take yi, har idonta ya gaza.

Yanzu ni ma ɗinki nake yi, kuma ba a buƙatar a warware rigar kowa. Amarya na fitowa wayoyi za su tashi sama, kafin a watse hoton ya isa Bukkuyum da Gusau. In mai kawo ɗinki ta ciro waya a shagona, nakan sami kaina ina kallon inda ta nufa da ita, ko da kira kawai take amsawa.

Kwanan baya wata budurwa ta miƙo mini hoto ta ce irin wannan hannun take so, sabon yayi ne daga Kano. Na duba, na ce mata a Gummi aka fara shi, a ɗakin gwaggona, tun ba a haife ta ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta janye wayarta a hankali, ta ce, "Anti, kowa haka yake cewa."