Shekarar da Aka Yi wa Gonarmu Haro

Mun daɗe muna cewa haro kamar kalmar kakanninmu ce, ashe ta Turawa ce. Ina koyarwa a Yelwa na gano haka. Asalinta sunan wani ƙarfe ne mai haƙora da dawakai ke ja yana farfasa ƙasa bayan huɗa, daga baya suka mayar da sunan aikin kansa. Har baƙin cikin da ke yagar zuciya suna kira da ita. Ni dai ba na son kalmar, kuma ina da dalili.

Da ruwan Kainji ya cinye garinmu, aka ba Baba da ƙanensa Baffa gonaki biyu manne da juna kusa da Wara. Suka dasa gamba a tsakani, yadda kowa ke yin iyaka a wajenmu. A kwano ɗaya suke cin tuwo kullum.

Zamanin muna Jihar Sakkwato aka kawo tarakta ta haya, suka haɗa kai suka ɗauko ta ta yi musu haro. Direban baƙo ne. Suna masallacin Juma'a ya ga layin gamba, ya ɗauka ciyawa ce, ya bi ta kai. Kafin su dawo gonakin sun zama fili ɗaya, sumul.

Baba ya ce iyaka daga kututturen kirya take. Baffa ya ce daga suri. Abin da ke tsakani, wallahi, bai fi faɗin tabarma biyu ba. Kuma babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya tuna yake faɗa. Shi ya sa abin ya ƙi gyaruwa. Mai gari ya yi iya yinsa ya gaji. Da Baffa ya ce sai Baba ya rantse, Inna ta fara raba musu kwano.

Damina ba ta zagayo ba Baffa ya sayar da tasa, ya haye tafki ya koma kamun kifi. Na ji haushinsu duka biyun, har yau ina ji. Manyan mutane da furfura!

Da Baba ya rasu aka aika da masu jirgi. Baffa ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, ya tambaye ta a hankali, "Ya ambace ni?"

Inna ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Bai ambace ka ba."