Sawun Nasara Biyu da Tafinta

Asuba ta yi mana a bayan garin Falanko, mu uku, ko kunu ba mu tsaya sha ba: ni, da ƙanen matata, da wani maƙwabcina da ya iya bin sawu. Ba fatauci ya fitar da mu ba, ba kuma zumunci ba. Takarkarina aka kwance daga turke, jan sa mai guntun ƙahon hagu. Duk wanda ya san rijiyar garinmu ya san abin da wannan ke nufi. Zurfinta ya fi ƙarfin hannu, sai da dabba ake jan guga, ga bazara ta tsaya cak. Gidan da ba takarkari roƙon ruwa yake yi, ni kuwa na tsufa da roƙo, ba ni kuma da abin sayen wani. Sawu ya nufi yamma, wajen Belbeji. In ranar kasuwa ta riske shi a can, fatake sun kora shi Kano ke nan, sai dai a ba ni haƙuri.

Sai na faɗi abin da ke ƙafata, don shi ne rabin labarin. Ina fama da faso, irin wanda dunduniya ke tsagewa har jini, in na taka rairayi mai zafi sai in ji har cikin kaina. Bara da na kai hatsi Damagaram na tarar da wani baduku da ke gyara wa Nasara takalma. Ya ɗinka mini mai dogon wuya, ya jera ƙirgi a ƙarƙashin dunduniya, bisa bisa, har kaurin yatsa uku. Da na komo gida an yi mini dariya, aka ce tsoho ya hau dangarafai ba damina ba. Amma da aka ga ina ratsa karangiya ba na tsayawa cire ƙaya, sai maza suka fara aikawa a yo musu. Yanzu da shi muke zuwa gona, da shi muke zuwa rijiya, ƙofar masallaci kaɗai ke raba mu. Ƙanen matata shi ma yana da nasa, don gayu, ba don faso ba. Mai bin sawu kuwa ya ce shi ba zai hau abin da zai raba shi da ƙasa ba, da faɗensa ya taho, shimfiɗaɗɗen takalmin nan namu na gargajiya.

Hanyar farko duk gonaki ne, karan hatsi a tsaye, rumbuna a bakin ƙauyuka. Daga nan ƙasa ta buɗe, sai tudun rairayi da itatuwan kandili da aduwa. A nan na san takalmin yana da nasa hali. A kan fako sarki ne, a cikin rairayi kuwa dunduniya nutsewa take yi, kowane taku sai ka ciro ta kamar kana cire rogo. Kafin azahar sha-raɓata ta ɗaure tamau. Ƙanen matata yana tafe yana tsaki, mai faɗe yana gaba yana yi mana waƙa.

Da rana tsaka muka sami wata rijiya, ba kowa, makiyaya ba su sauko ba tukuna. Muka sha daga sauran ruwan kwamin shayar da dabbobi, muka zazzaga muna neman inda sawun san ya fita, muka wuce. Ban kawo komai a raina ba.

Wajen la'asar muka shiga wani ƙauye. Muka yi sallama, shiru. Ga wuta tana ci a murhu, ga tukunya tana tafasa, ga taɓarya a cikin turmi da hatsi rabin daka, kaji kaɗai ke kai da kawowa. Ƙanen matata ya leƙa tukunya ya ce, "Yaya, tuwon nan fa zai ƙone." Na ce ya ƙone, ɓarawo muke bi, ba za mu zama abokan sana'arsa ba. Gaba kaɗan muka tarar da zangon Buzaye, bukkokin tabarma a tsaye, ba raƙumi ko ɗaya, kashinsu ma bai bushe ba. Mai bin sawu ya duba ya ce a guje aka kora su. Muka ce ko annoba ce, ko mahara. Ranar da guntun gumba da 'ya'yan aduwa muka kwana, ciki yana ta ƙugi.

Washegari da hantsi muka gangara kwarin Tarka. Wuri ne mai faɗi, itatuwa sun fi na wajenmu duhu, sawun shanu kuwa ya tattake ko'ina, har na takarkarina ya ɓace a ciki. Mai bin sawu ya yi gabas ya yi yamma, ya dawo ya zauna ya ce iyakarsa ke nan. Gobe kasuwa.

A gindin wata aduwa muka hangi wata tsohuwar Bafillatana zaune da ƙwarya, ita kaɗai. Ƙafa ta hana ta gudu. Ta dube mu sama, ta dube mu ƙasa, ta tsaya a kan takalmanmu.

"Ku ne Nasaran?"

Na ce, "Inna, wane Nasara da wannan baƙar fuska da yunwa?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ashe Barebari ne! Bayina ne suka hau ƙirgi suka tashi ƙasa duka!"

Mu kuwa Barebari ne, wasanmu da Fulani ke nan. Na ce, "Ba mu nono tukuna, kya zage mu da kyau in mun ƙoshi."

Ta ba mu, muka ba ta ɗan taba da kanwa. Muna sha tana ba mu labari. Makiyayan da suka sauko rijiyar jiya bayanmu sun ga sawu mai rami a dunduniya. A ƙasar nan kowa ya san mai irin wannan sawu, Nasara ne kaɗai. Suka karanta shi tsaf: Nasara biyu, da mai faɗe ɗaya a gaba, tafinta ke nan. Kuma Nasara ba ya sauka daga doki ya zaga rijiya a ƙasa sai in ƙirga dabbobi ya zo yi. Tun yaƙin Abzin da aka kwashe wa mutane raƙuma, ba mai jiran ya ji ƙarin bayani. Wani ya hau raƙumi ya yi gaba da labari, labari ya riga mu ko'ina.

Mai faɗe ya ce, "Wato ni ne tafinta?" Tsohuwa ta ce, "Kai ma ka fi kama da mai ɗaukar musu kaya."

Na tambaye ta jan sa mai guntun ƙaho. Ta ce ta gan shi. Mutum biyu ne ke riƙe da shi, ba 'yan nan ba, ɗaya da takobi ɗaya da mashi, suna cikin kurmin da ke bayan tudu suna jiran kasuwa. Su ba su gudu ba, sun lafe, sun ce Nasara ba ya shiga ƙaya. Da yamma ɗayansu ke kawo san rijiyar ƙasa ya sha.

Ƙanen matata ya zauna ya fara kwance takalmi. Ya ce ƙafarsa ta yi bororo, kuma ya isa haka, mun hana bayin Allah barci a gidajensu. Na ce, "Mayar." Ya ce, "Yaya, takobi fa aka ce." Na ce, "Na ji. Mu sanda gare mu, sandar ma ta dogarawa ce. Mayar da takalminka, yau zai yi aikin da ya fi gayu."

Muka zaga ta bayan tudu muka sauka rijiyar ƙasa tun rana ba ta yi sanyi ba. Muka taka laka a bakin kwami, inda sawu ke fita raɗau. Muka bi 'yar hanyar da ta nufi kurmi, muka dawo, muka sake komawa, muna buɗe taku irin na mutanen da ba su saba tambayar kowa hanya ba. Mai faɗe ya yi ta jan layi a ƙasa da sanda, wai haka ya ga ana yi a barikin Tanut. Sa'an nan muka haye tudu muka kwanta rub da ciki a bayan sabara. Karangiya ta ci rabonta a cikina, wurin da takalmi bai kai ba.

Da rana ta karkata sai ga ɗaya daga ɓarayin, dogo, da mashi a kafaɗa, yana jan takarkarina da igiyata. San ya rame, ƙugunsa ya fito. Mutumin ya iso inda muka tattaka, ya tsaya. Ya tsuguna. Ya sa yatsa a ramin dunduniya, ya ji laka ɗanya ce. Ya dubi kurmi, ya ga sawu ya nufi can ya dawo. Ya dubi san. Na san lissafin da yake yi: a kama ka da dabbar wani a gaban Nasara, sarƙa ce da fasa dutse. Ya saki igiya a hankali kamar mai ajiye maciji, ya ja da baya, ya ja da baya, sai ya zuba a guje yana kiran ɗan'uwansa. Muka hange su su biyu sun yi arewa, mai takobi har da faɗuwa.

Na tashi na yi kiran da nake masa a bakin rijiya. Ya ɗaga kai, ya yi kuka, ya taho da kansa yana jan igiya. Ni ba mai hawaye ba ne, amma na daɗe riƙe da wannan guntun ƙaho.

Da safe muka shiga kasuwar Belbeji, don a gan mu hankali ya kwanta. Ba ta cika ba, saboda mu. Dabinon Abzin da cuku araha, goro tsada kuma duk ya bushe, tiyar hatsi, wato mudu, ta fi ta wajenmu kuɗi nesa. Tsohuwa ta riga ta aika da labari, sai aka yanyame mu ana kallon ƙafafunmu. Wani dattijon Buzu mai baƙin rawani ya ce, "Kai ne ka sa na kwana cikin ƙaya da raƙuma da jikoki?" Na ce ni ne, a gafarce ni, ban sani ba. Ya ce in cire ya gani. Ya juya takalmin, ya ƙwanƙwasa dunduniya, ya sa, ya yi taku kaɗan yana tangaɗi kamar ɗan raƙumin da aka haifa yau, kasuwa ta kwashe da dariya. Ya miƙo mini ya ce, "Wahala ce. Ina badukun yake?" Na raba musu goron da na saya, aka rabu lafiya.

A komowa ba mu yi sauri ba, don san ya samu ya yi kiwo. Duk rijiyar da muka dosa, tun daga nesa muke cire takalma mu rataya a wuya, mai faɗe ya yi gaba yana kwaɗa sallama. Faso ya buɗe, na yarda, gara nawa jinin da a sake tashin wani ƙauye. Ƙauyen da muka tarar wayam ran nan, wannan karon har tuwo aka ba mu, bayan an gama zagi.

Mun shigo Falanko da la'asar, mata suna guɗa, ni ina bisa takarkari don ƙafa ta ƙi. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. A ƙasarmu ba fuskarka ake fara gani ba, sawunka ake gani, kuma mutanen da aka taɓa kwashe wa dukiya ba su jiran ka iso ka faɗi sunanka. Wannan tsoro nasu shi ya dawo mini da sa, ban kuwa so in sake cin amfaninsa. Gobe kamun gidana ne a rijiya, da dabbata za a ja, ba da ta aro ba. Yanzu a kawo mini man shanu in shafa wa dunduniya, in kwanta.