Irin Tumatir a Bangon Madafi

Inna, mahaifiyata, ba ta ajiye irin tumatir a kwalba. Takan zaɓi waɗanda suka nuna luguf, ta matse 'ya'yan cikin toka, ta cura, ta manna a bangon madafi. Hayaƙi ya yi ta korar ƙwari har lokacin shuka. Haka na taso na gani a Mamudo, haka na ci gaba da yi a gidan aurena a Potiskum.

Tumatir ɗin ba shi da kyan gani. Mai tsaga-tsaga ne, ga ruwa, ba ya jure tafiya a kwando, shi ya sa masu lambu suka watsar da shi suka koma irin da ake sayarwa a gwangwani. Amma ƙwaya ɗaya sai ta tayar da tukunyar miya. Bayan rasuwar Inna na tambayi dangi kaf, babu mai shi sai ni. A shekarar da tsutsa ta cinye mini fangali kuwa, curi ɗaya tak na samu na manna.

Rannan na je suna Ngojin. Da la'asar ina dawowa na ga yashi da buhunan siminti a ƙofar gida. Maigidana, dillali a kasuwar shanu, ya daɗe yana cewa zai gyara madafin, ni kuwa na ɗauka irin alkawarinsa ne na kullum. Ko mayafi ban cire ba na faɗa ciki. An kankare bangon tas, an baza tsohuwar ƙasar a ƙasa za a daɓe. Magini har ya kwaɓa siminti, yana riƙe da shebur.

"Malam, tsaya! Ina curin tokar da ke bayan murhu?"

"Wallahi Hajiya, na ɗauka gidan zanzaro ne. Duk yana nan cikin ƙasa."

Maigida ya leƙo yana murmushi, jira yake a yi masa godiya. "Haba, a kan tumatir? Gobe in sayo miki gwangwani guda."

"Alhaji, wannan ba a sayar da shi."

"Siminti zai bushe fa."

"Ya bushe!"

Na shiga tsakiyar madafin na tsaya da atamfar da na je suna da ita. Ban taɓa ɗaga masa murya gaban baƙo ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi magini, ya juya ya fita. Ni kaɗai na kwashe ƙasar nan da kwano, na baza ta a fangalin bayan ɗaki, na yayyafa ruwa.

Aka yi kwana da kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kullum da safe in durƙusa in duba. Ciyawa ta fito, alayyafo ya fito. Na hana kaina cire komai don tsoro, na fara saddaƙarwa cewa shebur ya murƙushe 'ya'yan irin.

Wata safiya na tarar da Alhaji tsugune a bakin fangalin da babbar rigarsa, ya makara kasuwa. Ya nuna mini wani ɗan tsiro mai gashi-gashi a jikin kara.

"Ke, zo ki gani. Wannan ciyawa ce?"

Na murza gefen ganyen a hankali, na kai yatsu hanci. Ƙamshin tumatirin Inna ne, kuka ya ƙwace mini. Ya tashi ya je ya ɗaure awaki, kada su cinye shi.