Gawon da Bappa Sale ya ɓoye wa jirgi

Cikin shekarun da na yi ina jan motar furoje, ranar da ba ta fita kaina ita ce ranar da Madam Zuwaira ta kira ni biro, wato ofis, wai in zo in duba ordinatar, wato kwamfuta. Ni Kalla, da na baro lakol tun aji biyu, bayan mushe, malaminmu, ya tabbatar wa mahaifina cewa kaina ya fi dacewa da ɗaukar tulu. Na goge hannu a wando, na shiga da sallama.

Bari in yi wa sababbinku bayani. Aikinmu ƙidayar itatuwa ne a gonakin Magarya da Dungas, musamman gawo. Muna da ɗan jirgi maras matuƙi, wanda muke ce wa zanzaro saboda kukansa. Bayan girbi ake tashinsa, don lokacin ne gawo ke fidda ganye, gona kuma ta yi fili. Ya yi ta kai da kawowa yana ɗaukar hoto, sai Madam, wadda ita ce injiniyarmu, ta zuba hotunan cikin ordinatar, a ɗinke su su zama taswira ɗaya. Ita ke koya wa na'urar: wannan itace ne, wannan rumbu ne, wannan tarin kara ne, kada ki ƙirga shi. Inda akwai itatuwa ya fito kore, inda ƙasa ta mutu ya fito ja. Jan nan kuwa ba ado ba ne. Hukuma za ta killace wurin, a haƙa ramukan rabin wata, a shuka ciyawa, a hana noma da kiwo na 'yan shekaru har ƙasar ta farfaɗo. Ni nawa aikin in kai su, in ɗauko batir, in kori awaki.

Madam ta ɗora yatsa a kan wani jan fili, gefen wani ƙauye a ƙasar Guci. "Baba Kalla, gonar wa ce nan?"

Na gane ta da rijiyar da ke kusa. Gonar Bappa Sale ce, wani dattijon Bafulatani mai noma da 'yan shanu. Ni kuwa jikan Barebari ne, don haka ba ma haɗuwa mu rabu ba mu ci mutuncin juna ba.

Ta ce, "Na'ura ta ce ba itace ko ɗaya. Amma dubi waɗannan ɗigo-ɗigon."

"Tarin kara ne, Madam."

"Na sani. To gonar da ta mutu, ina ta samo karan da ya fi na maƙwabta duka?"

Na gyaɗa kai irin na masu ilimi. Jibi kuma za a kai taswirar taro a Dungas, in ta tafi da jan nan, Bappa ya rasa gonarsa da makiyayar shanunsa har sai yadda Allah ya yi. Madam ta roƙi shef, shugaban furoje, ya ba mu yini ɗaya. Ya ce mu je, amma jibi taswira za ta tashi da duk kalar da ke jikinta.

Washegari da hantsi muka tarar da Bappa a bakin gona.

Ya dube ni ya ce, "Bawana, ka kawo mini baƙuwa ba ka yi shara ba?"

"Shara a gonar da ko inuwar kaza babu? Sannu, sarkin rowa."

Madam ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi batun karan. Ya ce na shanunsa ne, ya tara don rani. Ya faɗa yana kallon sama, kamar mai neman watan azumi. Ni da na gaji da tsayuwa, sai na je na jingina da tari ɗaya, na saki jiki gaba ɗaya. Abin da ya soke ni a mazaunai, ban yi wa maƙiyi fatansa ba. Na yi tsallen da rabona da shi tun ina saurayi.

Na ce, "Bappa, yaushe karan gero ya fara ƙaya?"

Na yaye karan, sai ga ɗan gawo tsaye a ciki, kore shar, an gyara masa rassa tsaf.

Dattijon ya zauna a ƙasa. Ya ce yana yaro ya ga ma'aikatan daji sun ci mahaifinsa tara don ya sare reshen gawo a gonar kansa, sai da aka sayar da maraƙi. "Abin da gwamnati ta ƙirga ya zama nata, 'yata. Da na ji jirgi zai zo ƙidaya, sai na bi maƙwabta ina roƙon kara, na rufe 'ya'yana."

Madam ta yi masa bayani a hankali, cewa doka ta canja, itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne. Ta faɗa masa abin da ja ke nufi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ku ke rubuta doka, ku ke goge ta. Ni dai ban ga jirgi ba, jirgi bai gan ni ba."

Na ga hankali ya gaza, sai na fito da nawa kayan aikin.

"Ƙyale shi, Madam, mu tafi. Gobe a manna taswira a bango a Dungas, kowa ya gani. A ce ga gonar Malam Habu maƙwabcinsa kore, ga ta Bafulatani ja kamar garwashi. Dama wa ya taɓa jin sun rena itace? Su dai su hau su sassabe wa shanu, su ƙara gaba."

"Habu?" Ya miƙe. "Habun da ni na koya masa barin toho? Kai bawan banza, zo nan ka yi aikin da aka saye ka dominsa."

Muka yi ta yaye kara har azahar, ni da shi da 'ya'yansa. Wani gawon iya ƙirji, wani ya fi ni tsawo, kodayake wannan ba abin yabo ba ne. Madam ta tashi zanzaro. Bappa ya tsaya tsakiyar gona da sandarsa, yana yi wa jirgi tsawa ya koma can gefen iyaka, akwai wani ƙarami da bai gani ba.

Taswira ta je Dungas da gonarsa kore, ba a killace ko taku ɗaya ba.

Abin da na koya, jirgi ba ya ƙarya, amma abin da mutane suka bar shi ya gani, shi yake gani. Mutumin da aka taɓa cuta kuwa, ko daga sama ka zo sai ya rufe kayansa. Tun ranar Madam ta kafa ƙa'ida: ba a tashin zanzaro a ƙauye sai an tura Kalla ya zauna da dattawa, an sha fura, an yi ta magana har tsoro ya fita. Ku da kuke cewa tumbina ya yi yawa, ku sani a bakin aiki na same shi.