Yadda Alhaji Hantsi Yake Ɓacewa Ya Bar Mu da Inji

Shekara tara ke nan da muka kai Alhaji Hantsi makwancinsa a Argungu. Ni ne Tunau, wanda ya bar wa riƙon injinsa na casar shinkafa. Ban iya dogon yabo ba, kuma ba shi ya kawo ni ba. Wurin da ya gina yana gab da rufewa.

Na zo hannunsa ina ɗan dako, ban san komai ba sai ɗaukar buhu. Ya zagaya da ni ko'ina, daga wurin jiƙa shanshera zuwa gaban tukunyar turarawa, zuwa filin shanya, har bakin inji. Ba gyaran ƙarfe yake koya mini ba. So yake in san me ke bin me. In an kawo wuta, shinkafar wa za a fara zubawa. In hadari ya taso, wa zai bar awo ya ruga kwasar shanya. In mota ta taso daga Birnin Kebbi, kada ta iske buhu ba ɗinki.

Babban darasinsa kuwa ba da baki yake ba da shi ba. Idan shinkafar rani ta shigo, fili ya cika, damina na shirin faɗuwa, sai ya ɓace. Ba sallama. Ya tafi Ambursa wurin ƙanensa ya yi zamansa. Karon farko da ya yi mini haka, bel ya tsinke, mata masu shinkafa suka taru a kaina, shanya ta daɗe a rana har ta farfashe a inji. Da ya dawo, ya damƙi tsabar ya duba.

"Wagga ai ta tuwo ta. Wa yac ce a bar ta ga rana?"

"Ba kowa, Maigida. Ni na yanke."

"To, yau ka fara aiki."

Ƙurar buntu ta cinye mini ƙirji. Likita ya ce in bar wurin. Daga ƙofa zuwa filin shanya sai na tsaya na huta. Waɗanda na fara koya wa sun watse, wasu kabu-kabu suke yi a Gwadangaji, kuma ban ga laifinsu ba, iyali ba su jira. Saura Murtala, autan Alhaji, magidanci mai 'ya'ya. Yana da hankali, ba ya ƙyuya, ya fi ni gane inji. Amma yayansa Lawali ya faɗa a gaban dangi cewa ran da na kasa, in Murtala bai iya riƙo shi kaɗai ba, sayarwa za su yi. Akwai mai son filin ya gina shaguna.

Ina tambayar kaina me Alhaji zai ce da wayar hannu. A zamaninsa, in ya tafi, ya tafi. Yanzu ko masallaci na shiga, kafin in fito Murtala ya kira. Gas ɗin janareta ya yi ƙasa, a saya ko a jira wuta? Wata Hajiya mai shinkafa ta ce ita ta riga zuwa, a fara da tata? Yana da amsar duka. Tsoro yake kada a ce ɗan mai wuri ya ɓata abin ubansa.

Makon jiya na yi masa irin ta Alhaji. Na bar wayar a gida, na tafi Ambursa. Bayan azahar sai ga shi a kan babur, duk ya yi buɗu-buɗu.

"Baba Tunau, an kawo wuta, ga hadari ya haɗo. Mi za mu yi?"

"Wa kab bari can?"

"Na kashe inji, na ce su jira in taho da magana."

"Ruwan ma ka ce mishi ya jira?"

Na hau bayan babur ɗinsa, muka kama hanya. Kafin mu isa Argungu an yi ruwan an ɗauke. Ma'aikata na tsaye a inuwa, shanya na kwance cikin ruwa. Da ya yanke ba daidai ba, da na yi murna. Bai yanke ba. Lawali ya zo ya gani, ya juya bai gaishe ni ba.

Injin da Alhaji ya saya an canza masa kusan komai. Rumfar ma ba ita ba ce. Abin da ya rage nasa shi ne sanin me ke bin me, da ƙarfin halin yankewa ba kowa a bayanka. Wannan yana cikin ƙirjina, ƙirjin kuma ba zai kai wata shinkafar rani ba a bakin inji. Allah ya jiƙan Maigida, ya sa wahalar da ya sha da mu ta zame masa haske.

Jibi zan sake tafiya. Ko matata ban gaya wa inda za ni ba. Murtala ya mai da shinkafar duka ta tuwo in ya so, in dai shi ya yanke.