Siririn Kashi a Littafin Ba'indiye

Ku da kuke ɗinka littafi da inji yanzu, akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba. Ƙarshen 1969 ne, lokacin da gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa. Ina aiki a rumfar Baba Alhasan a Moshi Zango, kuma ba yabon kai ba, a ɗinkin littafi ba ni da na biyu a unguwar.

Wani tsohon Ba'indiye mai kantin yadi ya kawo mana akwati cike da takardu. Tsohuwar waƙar yaƙi ce ta addininsu, gadon ubansa, zaren duk ya ruɓe. Ya ce a ɗinke masa kashi goma sha takwas kafin ya tafi, bangon na yadi, ban da fata.

Mu da Alƙur'ani muka saba, izu-izu, kowane kusan daidai da ɗan'uwansa. Sai Baba ya jera takardun, ya auna da tsinke, zai raba su daidai wa daida. Ga shi tsohuwar takarda ba ta ɗaukar huji biyu, in aka huda an gama.

Na ce, "Baba, a dakata. Ko baƙi ɗaya ba mu iya karantawa, ina muka san inda labari ya tsaya?"

Ya ce, "Kai Iro, surutu paa, ka cika magana! Goma sha takwas ya ce, goma sha takwas zai samu."

Na zura basillar huji a aljihu don kada Baba ya huda, na je na taho da mutumin.

Ya zauna a tabarma yana rabawa da hannunsa. Wani kashi ya yi kauri kamar bulo, wani bai kai ɗan yatsa ba. Da ya ware wani siriri, na ce ko a haɗa shi da na gaba don ya yi ƙwari. Sai ya dafe shi, ya ce da guntuwar Hausarsa, "A'a. Nan yaƙi ya ƙare, mata suna kukan matattu. Shi kaɗai yake zama." Ya ƙara da cewa matarsa a garin nan ta mutu, shi ɗaya zai koma.

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Baba ya jefar da tsinken, ya karɓi siririn ya ce shi da kansa zai ɗinka.

Tun ranar ba na huda takardar kowa sai ya nuna mini inda take tsayawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.