Tsohon da Ke Gyaran Haƙoran Dawaki

Ga shi nan a bakin kasuwar dabbobi, ɗan tsoho gajere, hula a karkace, magagari na goge haƙori soke a ɗamara. Yana ta washe baki, ko haƙori ɗaya babu.

Kusa da shi wani ƙato ne ke fama da dokinsa. Da ya ja linzami sai dokin ya turje, ya nemi kayar da shi.

"Jiya lafiya lau, yau tsiya! Sayar da shi zan yi," in ji mai dokin, yana ɗaga bulala.

"Sauke hannunka, ɗana," in ji tsohon. "Doki ba ya tutsu a banza. Ko baya, ko kofato, ko baki."

Ya shafa gadon bayan, ya duba kofatai, sannan ya zura hannu cikin bakin dokin. Sai ya daka tsalle kamar an yi masa albishir.

"Na kama shi! Haƙori ne ya yi tsini, yana yankar kumatu!"

Yana gogawa da magagari har da rausaya, ni kuwa ina gefe ina kallo, dariya kamar cikina zai fashe. Ina jin shekara hamsin ya yi yana gyaran haƙoran dawakin mutane, har nasa suka gaji da jira suka watse.